Wayar da Ke Cikin Adakar Baba Babba

Wasiƙar kamfanin ta same ni ne a kafen intanet ɗaya tilo da ya sake buɗewa a unguwarmu bayan mun dawo Mubi daga gudu. Na karanta ta sau biyu, na ja tsaki har mai kafen ya ɗago kai. Kamfanin da yake ba shafinmu na intanet masauki ne yake sanar da mu cewa zai rufe. Ƙarshen wata za su kashe na'urarsu, kowa ya kwashe nasa ya nemi wani wuri. Suka ƙare da godiya da fatan alheri. Na ce ku riƙe fatan alherinku, ba shi muke ci ba.

Shafin ba wani abin a zo a gani ba ne. Na ƙungiyar manoman wake da gyaɗa ne ta ƙauyenmu, can wajen Betso, kuma ni na haɗa shi da hannuna shekarar da na gama karatun kwamfuta, ina ta rawar kai. Akwai hotunan buhunan wake, akwai hoton dattawa sun jeru a benci sun ɗaure fuska kamar masu jiran allura, sai adireshin imel guda ɗaya domin masu saye daga kudu su rubuto mana. A duk shekarun nan waɗanda suka rubuto ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Da don wake ne kawai, da na ce a kashe, a kai kasuwa.

Amma adireshin nan shi kaɗai ne ƙofar da muka bar wa yayana a buɗe.

Yayana maganin dabbobi yake sayarwa, yana bin kasuwannin bakin iyaka da babur. Ranar da 'yan bindigar nan suka shigo gari yana kasuwar Belel. Ni da Mama muka fita da ƙafa tare da jama'a, wayata ta faɗa ruwa wajen tsallake mayo, wato rafi, tasa kuma tun daga ranar a kashe take. Wasu suka ce sun gan shi ya haye Kamaru. Wasu suka ce a'a, sun gan shi ya juyo da babur zai zo nemanmu. Kowa da nasa labarin, babu wanda ya ga ƙarshensa.

Na san yayana. Mutum ne da ko lambar wayarsa aka tambaye shi sai ya ciro takarda ya duba. Lambar kowa bai haddace ba. Amma adireshin imel ɗin nan shi ya zaɓa, sai da muka yi mako muna gardama a kansa, ni ina cewa ya yi tsawo, shi yana cewa ni ce mai gajeren haƙuri. Ya sa aka buga masa shi a jikin rasiɗansa, ya rubuta shi da fenti a jakar maganinsa. In yana raye, in ya samu wanda zai zaunar da shi gaban kwamfuta na minti biyar, nan zai rubuto. Mama ba ta san mene ne imel ba, amma ta fahimci wannan sarai. Takan ce da yarenmu, in ƙafarsa na hannunsa zai zo da kansa, in an riƙe masa ƙafa zai aiko da takarda.

Saboda haka kullum sai na je kafe. Kullum in na dawo gidan hayar da muke a unguwar Lamorde, tun kafin in cire takalmi take tambaya, "Ya rubuto?" Ni kuma in ce tukuna.

Kwashe kayan shafin bai ba ni tsoro ba, aikina ne. Na samu wani kamfanin, na buɗe wuri, na fara sauke hotuna da rubuce-rubuce daga tsohon ina loda su a sabon. Aikin awa biyu ne a wurin da ake zaman lafiya. Mu kwana huɗu ya ɗauke mu. Mai kafen ba ya tada janareta sai mutane sun taru, sabis ɗin kuma yana tafiya kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da ƙima, hoto ɗaya sai ya kai rabi ya tsaya ya koma farko. Da la'asar ta yi sai kowa ya fara duban ƙofa, don dokar hana fita ba ta san kana tsakiyar aiki ba. Sau biyu ina barin hoto a rabi in ruga gida. Duk da haka na gama, har ina yaba wa kaina.

Sai aka zo kan suna.

Ga wanda bai sani ba, kayan shafi daban, sunan shafi daban. Kana iya kwashe kayanka ka kai sabon gida, amma sunan da mutane suka san ka da shi yana hannun tsohon kamfani har sai sun sake shi. Imel ɗinmu kuwa a jikin sunan yake rataye. In suka kashe na'ura sunan yana wurinsu, duk wasiƙar da aka aiko mana komawa za ta yi wurin mai ita. Sakin sunan ba wuya, in ji su. Ka danna wuri kaza, za su tura lambar sirri zuwa wayar mai shafin, ka shigar da ita, shi ke nan.

Na danna. Allon ya nuna mini ƙarshen lambar wayar da suka tura wa saƙon. Ba tawa ba ce. Na zauna ina kallonta, sai na tuna ko ta wane ne.

Ranar da na cike takardar buɗe shafin, dattawan ƙungiya suna tsaye a bayana a kafe a nan Mubi, kowa na leƙen allo. Da aka zo gurbin sunan mai shi, ban ma tsaya tunani ba. A gidanmu yarinya ba ta sa sunanta inda na dattijo zai shiga, ko da a takardar gayyatar biki ne. Na rubuta sunan Baba Babba, wan mahaifina, shugaban ƙungiyar, na sa lambar wayarsa. Ya gyara zaman hularsa, ya ce wa na kusa da shi yanzu har Turawa sun san da shi. Mutumin da ko saƙon waya bai iya buɗewa ba! Ni kuwa na ji daɗi, aka ce yarinyar nan tana da tarbiyya. Babu wanda ya sa ni. Da hannuna na yi, kuma da na sani ƙeya ce.

Baba Babba ya rasu da damina, kafin gudun, ciwo ne na tsufa. Kamar yadda ake yi, aka tattara duk abin da ya mallaka na jiki aka zuba a adakarsa ta ƙarfe, har da wayar, aka sa kwaɗo. Mabuɗin yana hannun Bappa, autansu, wanda shi kaɗai ya rage a cikin iyayenmu maza tun da mahaifina ya riga su tafiya. Ba a buɗe adakar mamaci a gidanmu sai ranar rabo, ranar da duk mazan gida za su zauna, 'ya'yansa da 'ya'yan 'yan'uwansa. An sa za a yi bayan kaka, sai gudu ya zo ya watsa kowa.

Da farko na ɗauka kamfanin zai ji magana. Na rubuta musu cewa mai shafin ya rasu, ni ce na gina shi, ga duk shaidar da suke so. Suka ce in turo katin shaidar mai shi da takardar mutuwarsa. Katin yana cikin adaka. Ofishin da ake karɓar takardar mutuwa kuwa na je na gani da idona, ko rufi babu, awaki ne a ciki. Na kira su a waya. Mutum ɗaya ne ya rage yana amsawa, da muryar wanda shi ma aikinsa ya ƙare, duk abin da na faɗa sai ya ce ƙa'ida ce, madam. Na ce masa ka san inda Mubi take? Ya ce ya ji a labarai, ya yi mini jaje, amma ƙa'ida ce. Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zan je coci neman gafara a kansa.

Daga nan na kama wata ɗabi'ar banza. Duk ranar da na shiga kafe sai na danna wurin tura lambar, sau uku, sau biyar, don haushi kawai, ina hango saƙonnin suna tafiya cikin adaka a rufe.

Ranar kasuwa na shirya na tafi ƙauye wurin Bappa. Tafiyar da a da ba ta isa ka gama cin rake guda ba, yanzu rabin yini ce. Kowane shinge sai an sauka daga mota, a ɗaga hannu sama, a taka da ƙafa har a wuce sojoji, a tsaya a rana a jira direba. Inda mota ta ƙare na hau babur, inda babur ya ƙi na bi turba. Na iske Bappa a gindin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi Mama, ya tambayi gari, na sha ruwa. Sannan na yi masa bayani dalla-dalla, na yi ta sassauta murya, abin da ba halina ba.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "'Yata, ko allura ba za ta fita daga adakar nan ba."

Na ce, "Bappa, ba ɗauka zan yi ba. A gabanka zan kunna ta, saƙo ya shigo, in kwafe, in mayar. Ko tuwo ba zai huce ba."

"Adakar da aka buɗe sau ɗaya ta buɗu. Wa zai yarda ba a taɓa komai ba?"

"To a kira taron mana! Ai kowa ya dawo."

Ya ajiye fartanyar. Ya ce, "Kowa?"

A nan na gane abin da ya sa tun dawowarmu babu wanda ya tada maganar rabo. Yayana ɗan gida ne, yana cikin masu zama. Mai rai jiransa ake yi, ko yana Ikko, ko shekara biyu zai yi. Wanda ba a jira shi ne wanda ya mutu. Kuma akwai yadda ake nuna bambancin a wurin rabo: mai rai a kira sunansa, ya amsa, a ba shi kasonsa a hannu. Na mamaci ba a kiran suna, a ƙasa ake ajiyewa gaban uwarsa, ita za ta sunkuya ta ɗauka. In ta ɗauka, ta yarda ke nan a gaban dangi, daga ranar ba a ƙara lissafa shi cikin masu rai.

Raina ya ɓaci. Na manta da durƙuso, na miƙe tsaye. Na ce haba Bappa, wace irin al'ada ce wannan da za ta hana a nemi mutum saboda ana jiransa? Na ce an ƙone coci, an ƙone makaranta, an kwashe shanu, duk ba ku iya tsare komai ba sai tsohuwar adaka mai tsatsa? Allah ya sani na faɗi wannan, kuma har yau ina jin kunyarsa, don mutumin nan ya binne ɗansa a hanyar gudu.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kin gama? To ji. Hanya biyu ce. Ko a jira shi, ko uwarsa ta ce a zauna babu shi. Ni bakina ba zai faɗa ba. Ke kuma ba ki isa ba." Ya ɗauki fartanyarsa ya ci gaba. Daga baya na ji cewa a ranar ya sa aka ɗauke adakar aka kai ƙarƙashin gadonsa, wai ya ga idona bai yarda da ni ba. Bai yi kuskure ba, na yi tunanin guduma.

Na dawo Mubi ban gaya wa Mama komai ba. Gaba kura, baya sayaki. In an jira shi, ƙofar da zai bi ya same mu za ta rufe. In ana so ƙofar ta zauna a buɗe, sai uwarsa ta ce ya mutu. Na yi ta juya abin a raina ko zan samu wata kafa. Na tambayi sabon kamfanin, suka ce sai tsohon ya saki. Na tambayi mai kafe, ya ce in buɗe wani suna mai kama da shi. Na ce masa kai ma dai, wa zai je ya gaya wa yayana an canza? Kwanaki suna ta tafiya. Na daina cin abinci sosai, ina faɗa da kowa, har mai sayar da gawayi sai da na zage shi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Tsoro nake ji, kuma ina jin haushin kaina fiye da na kowa.

Ashe labari ya riga ni. Matar Bappa ta aiko wa Mama da saƙo ta bakin wata da ta zo sayar da kuka. Wata safiya muna tsakar gida tana tsince wake a faifai, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Saura kwana nawa?"

Na ce, "Na me, Mama?"

"Kada ki mai da ni yarinya. Ni na haife ki."

Na ce saura tara.

Ta ci gaba da tsinta. Can ta ce, "In suka kashe abin nan, shi kuma ya rubuto, takardar ina za ta je?"

"Za ta koma masa."

"Da wane bayani?"

"Za a ce masa babu wannan adireshin."

Ta jinjina kai. Ta ce, "Sai ya ce mun mutu ke nan. Sai ya daina nema."

Na ce, "Mama, ba sai kin yi komai ba. Zan sake kiran mutanen nan. Zan je har inda suke in ta kama."

"Da wace hanyar?" in ji ta. Mu biyun mun san babu.

Kwana biyu ba ta tada maganar ba. Ta yi wanki, ta share ɗaki, ta je addu'ar mata. A rana ta uku da sassafe na fito na same ta ta ɗaura zanen da take zuwa coci da shi, tana zaune a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa. Ta ce, "Tashi mu je. Na aika wa Bappanki ya tara su."

Na ce, "Mama, kin tabbata?"

Ta ce, "Ni na san ɗana bai mutu ba. Su ne ba su sani ba. Bari in ba su abin da suke so, shi kuma ya samu inda zai same mu."

A kowane shinge ina kallonta tana ɗaga hannu sama, tsohuwa da ciwon kafaɗa, tana takawa a hankali sojoji na cewa a yi sauri. Na so in ce mu koma. Ban faɗa ba, don ni nake son wayar.

Washegari da hantsi aka zauna a gindin mangwaron nan. Maza a tabarmi, mu mata a baya. Wani dattijon coci ya yi addu'a, ya roƙi Ubangiji ya ba da haƙuri, bai ambaci sunan kowa ba. Bappa ya ciro mabuɗi daga aljihu, kwaɗon ya ƙi, sai da aka ɗiga masa man gyaɗa. Da murfin ya ɗagu ƙamshin kafur ya tashi. Riguna ne, da huluna, da Littafi Mai Tsarki da ya sha hannu, da rediyo, da tabarau, da aska. Wayar tana can ƙasa a naɗe cikin leda an ɗaure da roba. Idona bai bar kanta ba, kuma ina jin kunyar hakan.

Bappa ya fara kira. A kira mutum, ya amsa, ya matso da hannu biyu, a ba shi. Haka har aka zo inda yayana yake a jerin haihuwa. Bappa bai kira sunansa ba. Ya ɗauko wata riga mai ruwan ƙasa wadda Baba Babba yake sawa ranar Kirsimeti, ya miƙe da kansa, ya zagayo bayan maza har inda muke zaune. Ya ajiye ta a ƙasa gaban Mama, ya koma.

Mama ta miƙe tsaye. Ta daɗe tana kallon rigar, har na fara fatan ta juya ta tafi, a fasa komai, shafin ya mutu can. Sai ta dafa gwiwa da hannu ɗaya, ta sunkuya, ta ɗauka. Ta karkaɗe ƙasar da ta taɓa ta, ta ninke, ta rungume a ƙirji, ta zauna. Matan da ke bayanmu suka fara kuka irin na makoki. Ita ko hawaye ba ta yi ba. Ni ce na yi, kuma rabinsa na baƙin ciki ne, rabinsa na fushi.

Wayar ta faɗa kason babban ɗan Baba Babba. Ko aljihu bai sa ta ba, ya miƙo mini ya ce, "Ungo, ƙanwata, je ki yi abin da za ki yi." Dangi suka taso ɗaya bayan ɗaya suna yi wa Mama gaisuwar rashi, tana amsawa.

Mun dawo Mubi saura kwana huɗu. Na ajiye Mama a gida na wuce kafe. Batirin wayar ya kumbura, don haka na cire layin na sa a tawa. Na kunna, na jira. Babu sabis. Na fita waje na ɗaga ta sama, na zagaya bayan gini, na goge layin da bakin zane na mayar. Babu. Mai kafen ya karɓa ya gwada a tasa, ya gwada a wata. Ya dube ni ya ce, "Anti, layin nan ya mutu. In layi ya daɗe ba a amfani da shi, ƙwacewa suke yi."

Na fita na zauna a kan kwalbati a bakin titi, cikin rana. Ban san abin da ya sa na yi abin da na yi daga nan ba. Na mayar da layina, na buga lambar Baba Babba. Ina jin so nake in ji an ce a kashe take, in tabbatar komai ya ƙare.

Sai ta fara ƙara.

Aka ɗauka. Muryar namiji, a bayansa ana jin zarto da bugun guduma. Ya yi sallama, ya ce wa ke magana. Na ce, "Bawan Allah, don Allah wannan layin naka ne?"

Ya ce nasa ne mana, sabo ya saye shi a shago, ya fi wata biyar a hannunsa. Kafinta ne a Funtuwa. Na fara yi masa bayani ina haɗa kalmomi da kyar, sai ya katse ni.

"Au! Ke ce mai turo min lambobin nan? Baiwar Allah, kin dame ni. Mako nawa ke nan, kullum sai sun shigo, wata rana har biyar. Na ce 'yan damfara ne, gogewa nake yi."

Na riƙe bakin kwalbatin da hannu. Tun ranar farko saƙonnin nan suna zuwa wurin mutum mai rai, mai kunne, wanda zai ɗauki waya in an kira. Kira ɗaya ne kawai. Amma wa zai buga wayar mamaci, wayar da ya san tana cikin adaka an sa kwaɗo? Ni da na yi karatun kwamfuta, ni da nake zagin al'ada a gaban Bappa, ko sau ɗaya abin bai zo mini a rai ba.

Mutumin ya ce shi fa ba zai karanta wa kowa lamba ba, an gargaɗe su a rediyo. Na ce yana da gaskiya. Na ce daga Mubi nake, na gaya masa maganar yayana a taƙaice, ban roƙe shi ba. Aka daina buga gudumar. Ya ce, "Mubi? Allah sarki. Yaya kuka ji da abin da ya same ku?" Sannan ya ce in je in danna, yana riƙe da wayar.

Na koma ciki na danna. Ya karanto mini lambar ɗaya bayan ɗaya, ya maimaita don kada in yi kuskure. Allon ya ce an saki sunan. Ya ce Allah ya bayyana shi, na ce amin, na gode, muka yi sallama. Ban ma tambayi sunansa ba.

Sunan ya yi kwana biyu a hanya kafin ya zauna a sabon wuri. Na aika wa adireshin wasiƙar gwaji daga wata kwamfutar, ta shiga lafiya. Da ƙarshen wata ya zo tsohon kamfanin ya kashe na'urarsa, mu ba abin da ya same mu.

Amma ranar da na yi magana da kafintan nan, sai da na zagaya Lamorde sau biyu kafin in iya shiga gida. Na samu Mama a tsakar gida tana hura wuta. Ta ɗago ta dube ni, hayaƙi ya sa idonta ya yi ja.

Ta ce, "Wayar ta yi aiki?"

Layin da ya mutu yana cikin tafin hannuna, na damƙe shi har ya yi mini shaida.

Na ce, "Ta yi, Mama."

Ta sauke numfashi. Ta ce, "To, mun gode wa Ubangiji. Ba a banza na sunkuya ba."

Na ce mata haka ne. Na karɓi muhucin daga hannunta na ci gaba da hura wutar. Yayana bai rubuto ba tukuna, ita kuma har yau ban gaya mata ba.